Daga Sulusin Gurbi Zuwa Gurabe Tara: Afirka a Tarihin Gasar Cin Kofin Duniya

Masu iya magana kan ce, waiwaye adon tafiya. A duk bayan shekara huɗu, idan lokacin Gasar Cin Kofin Duniya ya kama, mukan ga ɗalibai da malamai sun yi dafifi a gaban akwatin talabijin, har wanda bai taɓa buga ko lemun tsami a lungu ba ya zama gwanin sharhi. Sai dai kaɗan ne daga cikin masu sowar nan suka taɓa tambayar yadda aka yi ƙasashen Afirka suka sami wurin tsayawa a filin da suke kallo. Da yawa sun ɗauka haka aka tashi aka tarar. Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, babu gurbi ko ɗaya da aka miƙo wa Afirka don Allah da Annabi. Ƙwato su aka yi, wani da ƙaurace wa wasa, wani da ƙuri'a a zauren taro, wani kuma da gumin 'yan wasa.

Shi dai wasan ƙwallon ƙafa tsakanin ƙasa da ƙasa ya soma ne ranar 30 ga Nuwamba, 1872, a birnin Gilasgo, inda Sukotilan da Ingila suka tashi babu ci. A 1904 wakilan ƙasashen Turai bakwai suka zauna a Paris suka kafa hukumar FIFA, a daidai lokacin da Turawan Ingila ba su daɗe da kammala cin Kano da Sakkwato ba. Ke nan tun ran gini tun ran zane, ba a yi gidan da mu a cikin lissafi ba. Gasar farko an yi ta ne a Yurugwai a 1930, bisa jajircewar shugaban FIFA na lokacin, Jules Rimet, mutumin Faransa. Ƙasashe goma sha uku suka halarta, huɗu kacal daga Turai, domin tafiyar ta kusan mako biyu ce a jirgin ruwa. Masu masaukin baƙi suka doke Ajantina da ci 4 da 2 suka ɗauki kofin.

Afirka ta leƙa gasar a karon farko a 1934, a Italiya ta zamanin Mussolini. Masar ce ta je, ta buga wasa ɗaya tilo a birnin Napoli, Hungari ta cinye ta 4 da 2, ta juyo gida, domin a wannan shekarar sili ɗaya ƙwale ake yi tun daga wasan farko. Abdulrahman Fawzi ne ya ci ƙwallayen Masar duka biyun. Shekarar da ta biyo baya, shi wannan Mussolini da ya karɓi baƙin duniya ya auka wa Habasha da yaƙi. Daga wannan wasa na Napoli sai da aka yi shekara talatin da shida kafin wata ƙasar Afirka ta sake taka filin gasar.

A cikin wannan tazara aka yi wasannin da har gobe ake ba da labarinsu. A 1950 Yurugwai ta doke Birazil 2 da 1 a filin Marakana, gaban mutum kusan dubu ɗari biyu da suka zo bikin ɗaukar kofi, aka ɗora wa mai tsaron gida Barbosa, wanda baƙar fata ne, laifin da ya bi shi har kabari. A 1954 Jamus ta Yamma ta kada Hungari 3 da 2 a wasan ƙarshe, bayan ita Hungarin ta lallasa ta 8 da 3 a wasan rukuni. A 1958 duniya ta san wani yaro ɗan shekara goma sha bakwai da ake ce wa Pele. Duk wannan a rediyo da jarida mutanen Afirka suka ji shi, domin mafi yawansu ba su da tutar da za su ɗaga, balle taken da za a rera musu kafin a take wasa.

To amma ƙwallon ta riga ta shiga hannun 'yan gwagwarmaya. A watan Fabrairun 1957, a birnin Hartum, Masar da Sudan da Habasha da Afirka ta Kudu suka kafa Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, wato CAF. Tun a gasar farko aka tsame Afirka ta Kudu, saboda ta ce ko dai ta turo farar fata zalla, ko baƙar fata zalla, amma ba za ta gauraya su ba. A watan Afrilun 1958 kuma, ana saura wata biyu a fara gasar duniya a Suwidin, wasu 'yan Aljeriya da ke buga wa manyan kulob-kulob na Faransa suka sulale suka tsallaka Tunis, suka kafa ƙungiyar ƙwallo ta 'yan neman 'yancin ƙasarsu. Daga cikinsu akwai Rachid Mekhloufi da Mustapha Zitouni, waɗanda Faransa ke shirin tafiya gasar da su. Mai karatu ya auna girman abin da suka bari: albashi, da suna, da damar da ɗan wasa kan samu sau ɗaya a rayuwa, don ƙasar da a lokacin babu ita a taswira.

Ƙauracewar 1966

A ganinmu, babu wata gasa da ta fi ta 1966 muhimmanci ga Afirka, ko da yake babu ƙasar Afirka ko ɗaya da ta buga ta. A farkon 1964 FIFA ta raba gurabe goma sha shida na gasar da za a yi a Ingila. Turai ta sami goma, Amurka ta Kudu huɗu, Amurka ta Arewa da ta Tsakiya ɗaya. Gurbi ɗayan da ya rage aka ce Afirka da Asiya da yankin Ostireliya su yi kokawa a kansa. Wato nahiyar da a lokacin ƙasashenta fiye da talatin suka sami mulkin kai, rabonta sulusin gurbi ne.

Mutum biyu ne suka fi tsayawa kai da fata a kan wannan magana: Ohene Djan, daraktan wasanni na Gana, da Yidnekatchew Tessema na Habasha. Djan yana da goyon bayan Kwame Nkrumah, wanda ya ɗauki ƙwallon ƙafa a matsayin makami na haɗa kan Afirka da nuna wa duniya cewa baƙar fata ba bawan kowa ba ne. Hujjarsu ba ta da wuyar fahimta. Ƙasashe matalauta za su kashe kuɗin da ba su da shi, su yi ta zirga-zirga a jirgin sama, sannan wanda ya yi zakara a cikinsu a ce masa da sauran tafiya. Shugaban FIFA na lokacin, Stanley Rous, Bature ne ɗan Ingila, kuma ya riga ya ɓata da 'yan Afirka saboda sassaucin da yake yi wa hukumar ƙwallo ta masu wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Da aka ƙi sauraronsu, ƙasashen Afirka goma sha biyar da suka shiga wasannin share fage, har da Nijeriya, suka janye gaba ɗaya. Ba a sami ko ɗaya da ta zame ta bi ta bayan gida ba, abin da idan muka dubi halin shugabanninmu na baya-bayan nan sai mu yi mamaki.

Gana ce ta fi kowa asara. Ita ce ta ɗauki kofin Afirka a 1963 da 1965, ta kuma yi kunnen doki 3 da 3 da Real Madrid a Akara a 1962. 'Yan wasa irin su Osei Kofi suna kan ganiyarsu a lokacin. Aka hamɓarar da Nkrumah a Fabrairun 1966, wannan zubi na 'yan wasa ya tsufa, Gana kuwa ba ta ga filin gasar duniya ba sai 2006, bayan shekara arba'in.

Wani abin dariya da takaici shi ne abin da ya faru a Ingilan. Koriya ta Arewa ce ta ci gurbin da aka bari, ta je ta kori Italiya da ci ɗaya mai ban haushi, sannan ta zura wa Fotugal uku a farkon wasan da ya biyo baya. Wanda ya ceci Fotugal, ya ci huɗu shi kaɗai aka tashi 5 da 3, shi ne Eusebio, haifaffen Mozambik. Shi ne ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, guda tara, kuma kyaftin ɗinsu Mario Coluna shi ma ɗan Mozambik ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ƙafar ta Afirka ce, tutar ta masu mulkin mallaka. Bayan shekara biyu FIFA ta sauko, ta ware wa Afirka gurbi guda nata na kanta.

Maroko ce ta fara zama a kansa a Meziko a 1970, bayan ta zo ta ɗaya a rukunin ƙarshe na share fage, Nijeriya da ke tsakiyar yaƙin basasa ta zo ta biyu, Sudan ta uku. Ba ta ba da kunya ba. Ta fara cin Jamus ta Yamma kafin a farke a ƙara mata, ta kuma yi canjaras da Bulgeriya.

Sai 1974, shekarar da ta zo da fuska biyu. A zauren taro na birnin Farankfot, Joao Havelange na Birazil, wanda ya zagaya ƙasashe da dama yana alkawarin faɗaɗa gasar, ya kada Stanley Rous da ƙuri'a 68 da 52, kuma ƙuri'un Afirka na daga cikin waɗanda suka rinjayar da sikelin. A filin wasa kuwa Zayar, wadda ke riƙe da kofin Afirka, ta sha kashi 2 da nema a hannun Sukotilan, 9 da nema a hannun Yugosilabiya, 3 da nema a hannun Birazil. A wannan wasan na ƙarshe ne Mwepu Ilunga ya fito daga cikin jerin 'yan baya ya ɗirka wa ƙwallon da Birazil ta ajiye don bugun tazara ƙafa. Shekara da shekaru gidajen talabijin na Turai suna maimaita hoton, wai ga ɗan Afirka da bai san dokar wasa ba. Shi Ilunga ya bayyana daga baya cewa sarai ya san doka. An hana su kuɗin da aka yi musu alkawari, sannan bayan ci taran nan mutanen Mobutu sun gargaɗe su cewa idan Birazil ta yi musu cin kaca kada su yi tunanin komawa gida. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan batu na kuɗin 'yan wasa, domin za mu sake cin karo da shi.

Tunisiya ce ta wanke wannan tabo a 1978, da ta doke Meziko 3 da 1, nasarar farko da wata ƙasar Afirka ta samu a gasar, ta kuma riƙe Jamus ta Yamma mai riƙe da kofi babu ci. Dattawan Legas ba su manta yadda Tunisiyar ta sami hanya ba: a filin wasa na Surulere, cikin Nuwamban 1977, Godwin Odiye ya sa kai ya ci gida.

A 1982 Havelange ya cika alkawari, aka mai da ƙasashe ashirin da huɗu, Afirka ta sami gurabe biyu. Kamaru ta yi kunnen doki sau uku, ba wanda ya ci ta, amma aka fitar da ita saboda Italiya, wadda daga bisani ta ɗauki kofin, ta fi ta cin ƙwallo ɗaya. Labarin Aljeriya ya fi ɗaci. A garin Gihon na Sifen ta doke Jamus ta Yamma 2 da 1, Rabah Madjer da Lakhdar Belloumi suka ci. Ta buga wasanta na ƙarshe da Cile ta yi nasara, kwana ɗaya kafin Jamus da Ostiriya su kara. Saboda haka maƙwabtan biyu suka shiga fili sun san cewa idan Jamus ta ci da tazarar ɗaya ko biyu, su duka sun haye. Minti goma da farawa Jamus ta ci, daga nan aka koma ba-ni-in-ba-ka har alƙali ya busa tashi, 'yan kallo suna ta ihun Allah wadai. FIFA ta ce ba a karya doka ba. Amma tun daga gasar da ta biyo baya ake buga wasannin ƙarshe na kowane rukuni a lokaci guda. Duk wanda ya taɓa zama yana juya tasha tsakanin wasa biyu, to hawayen Aljeriya ne ya jawo masa wannan.

Maroko ta zo ta ɗaya a gaban Ingila da Folan da Fotugal a 1986. Sannan aka zo 1990, wadda a ganinmu ita ce ta rufe bakin masu raini. A wasan buɗe gasa a Milan, Kamaru ta doke Ajantina ta Maradona da ƙwallon da Omam-Biyik ya ci da ka, ta kuma gama wasan da mutum tara bayan jan kati biyu. Roger Milla, ɗan shekara talatin da takwas da aka ɗauko daga wani kulob a tsibirin Reyuniyon, ya ci huɗu a gasar, yana ci yana zuwa kusurwa yana taka rawa. Saura minti bakwai Kamaru ta fitar da Ingila ta kai wasan kusa da na ƙarshe, sai bugun daga-kai-sai-gola guda biyu na Gary Lineker suka juya labarin. Ladan wannan bajinta shi ne gurbi na uku a 1994, kuma a wannan karon ne Nijeriya ta shiga.

Mu da muke yara a lokacin, ba mu mance daren 21 ga Yuni ba. Ƙasa tana cikin ruɗanin zaɓen da aka soke shekara guda kafin nan, amma cikin tsakar dare unguwa ta taru a ƙofar gidan mai talabijin, ana addu'ar kada a ɗauke wuta. Rashidi Yekini ya tura ƙwallo cikin ragar Bulgeriya, ya bi ta, ya cakumi ragar yana kuka yana sambatu. Shi da Daniel Amokachi, wanda ya ci ta biyu, duk a Kaduna suka koyi sana'ar, abin da mu da muke zaune nesa da gida mukan tuna wa abokan zamanmu idan gardama ta kaure. Aka tashi 3 da nema. Nijeriya ta zo ta ɗaya a rukuninta. Ranar 5 ga Yuli kuwa, Emmanuel Amunike ya ci Italiya, aka kori Zola, saura minti biyu a tashi Roberto Baggio ya farke, ya ƙara a ƙarin lokaci. Har yau ba mu ga dalilin da ya sa mutum goma sha ɗaya suka koma baya suna wasa da ƙwallo a gaban mutum goma ba. Zinaren da aka ciyo a wasannin Olamfik na Atalanta a 1996, bayan an kada Birazil 4 da 3 da Ajantina 3 da 2, tare da su Tijjani Babangida da Garba Lawal, ya ɗan sanyaya zuciya. Amma a 1998, bayan an doke Sifen 3 da 2, aka shagala da hangen Birazil da ke can gaba, Denmak ta zura mana huɗu.

A wannan shekarar ta 1998 gasar ta koma ƙasashe talatin da biyu, Afirka ta sami biyar, Turai kuwa, da yawan mambobinta bai wuce na Afirka da komai ba, tun daga nan ba ta taɓa yin ƙasa da goma sha uku ba. Senegal ta doke Faransa mai riƙe da kofi a wasan buɗe gasar 2002. A 2010 gasar ta zo Afirka ta Kudu, ƙasar da FIFA ta kora a 1976 saboda wariyar launin fata. A can ne Gana ta kai wuyan shiga wasan kusa da na ƙarshe, Luis Suarez na Yurugwai ya tare ƙwallo da hannu a kan layi a daƙiƙar ƙarshe, Asamoah Gyan ya buga fenariti ta daki turke. Sai a 2022 a Ƙatar Maroko ta ƙetare wannan siraɗi, bayan ta fitar da Sifen da Fotugal, ta ƙare a ta huɗu. A nan ma akwai abin lura. Goma sha huɗu daga cikin 'yan wasanta ashirin da shida a ƙasashen waje aka haife su, har kocinsu Walid Regragui haifaffen Faransa ne. Hanyar da ta kai Eusebio Fotugal ce aka bi aka dawo, irin dawowar da Mekhloufi ya yi a 1958.

Sai dai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Idan an gama lissafin zaluncin da aka yi wa Afirka, tilas a buɗe wani shafi na wanda ta yi wa kanta. Rigimar kuɗin da ta tarwatsa Zayar a 1974 ba ta mutu ba. A 2006 'yan wasan Togo sun yi barazanar ƙin buga wasa a tsakiyar gasa. A 2014 na Kamaru sun ƙi hawa jirgi sai da aka sasanta, gwamnatin Gana ta yi jigilar tsabar dala miliyan uku a jirgin sama zuwa Birazil don a lallashi nata, na Nijeriya kuma suka ƙaurace wa atisaye kwanaki kaɗan kafin su kara da Faransa. A wannan gasar ce Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya ci Ajantina biyu, ya kuma ƙara biyu a ragar Aisilan a 2018, amma a 2018 ɗin babu ƙasar Afirka ko ɗaya da ta fita daga rukuni. Ƙauracewar su Ohene Djan ta neman haƙƙin nahiya ce daga hannun baƙo. Waɗannan kuwa 'yan wasa ne ke neman haƙƙinsu daga hannun 'yan'uwansu.

Da aka tsara gasar 2026 da ƙasashe arba'in da takwas, an ware wa Turai gurabe goma sha shida, Afirka tara, da damar neman na goma ta hanyar wasan cike gurbi. Kef Bade, tsibiran da mutanensu ba su wuce rabin miliyan da 'yan kai ba, ta zo ta ɗaya a gaban Kamaru ta ɗauki nata. Nijeriya, wadda Gana ta riga ta hana zuwa Ƙatar a Abuja cikin Maris na 2022, ta zo ta biyu a rukuninta, ta tafi Rabat neman na goman a Nuwamban 2025. Da isarsu 'yan wasa suka ƙi fita atisaye saboda bashin alawus. Suka doke Gabon, sannan ranar 16 ga wata suka tashi ɗaya da ɗaya da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, wato tsohuwar Zayar ta su Mwepu Ilunga, wadda ta fitar da su a bugun fenariti da ci 4 da 3.